Bakina da Tafkin Kawu Idi

Tun da na dawo daga Nijar abokaina ba su bar ni na huta ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya kira ni a waya, tambayar dai ɗaya ce: wai me ya faru a can? Na lura masu kiran waya sun fi yawa, waɗanda suka tare ni ɗin ma sukan tsaya da ɗan nisa. To ga labarin nan a rubuce, kowa ya karanta a inda hankalinsa ya fi kwanciya. Abin da na gani da idona zan faɗa. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kuma ku yi haƙuri, wuraren suna da ɗan yawa.

Ga wanda bai san gidanmu a Daura ba, akwai kududdufi a bayansa. Kakannin unguwa ne suka haƙa shi suna ɗibar ƙasar gini har ya zama rami mai faɗi, kuma duk ruwan da ya sauka a unguwarmu can yake gangarawa ya kwanta. Ɗakin da ya fi kusa da shi na Inna ne, mahaifiyarmu. Ginin ƙasa ne, a ciki ta haife mu, kuma tun rasuwar Baba ba wanda ya isa ya ce mata ta koma wani.

Bana sai yayana Sale ya gano cewa kududdufi asara ne. Ya ce matattarar sauro ce da leda, in aka cike gefenmu shaguna za su fito a jere. Tifa ta fara sauke ƙasa da ɓaraguzai, kuma ta fara ne daidai bakin da ruwan unguwa ke bi ya shiga ramin.

Ni kuwa labarin ƙasa na karanta a jami'a, na ƙare da bincike a kan ambaliya, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina jiran aikin da shi ba ya jirana. Abin da na sani shi ne damina ta canza hali. Tsofaffi suna cewa da a hankali ake ruwa, ƙasa tana sha tana hutawa. Yanzu sai a yi shiru har gero ya fara naɗe ganye, sannan a juye na wata guda a yini ɗaya. Irin wannan ruwan dole ya samu wurin kwanciya. In ka hana shi kududdufi, ɗaki mafi kusa zai nema.

Haka ya kamata in faɗa wa Yaya Sale. Ga abin da na faɗa masa:

"Yaya, ina ganin kamar, wataƙila, in aka cike nan, akwai yiwuwar ruwan ya juyo ta wajen Inna."

"Akwai yiwuwa, ko zai juyo?"

"To, ya danganta da..."

"Duk wahalar da aka sha aka kai ka jami'a, abin da ka kawo mana ke nan? Ya danganta?"

Inna tana gefe tana tsince wake. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai Mansur, ka daina yi wa ɗakina baki. Ruwa rahama ne. Mutum ya zauna yana ta kiran masifa da sunanta kamar shi ya raɗa mata."

Kun dai san mu. A wajenmu wanda ya ce katanga za ta faɗi ya fi wanda ya gina ta a karkace laifi.

Sai Yaya Sale ya kawo hujjarsa. Ya ce Kawu Idi, ƙanin Inna da ke zaune a Nijar, tafki guda ya cike ya gina gida a kai, shekara da shekaru, ko zaninsa bai taɓa jiƙewa ba. Wannan magana ta hana ni sukuni. In gaskiya ce, to ko dai littattafaina sun yi ƙarya, ko akwai abin da Kawu ya yi wanda ya kamata mu koya. Na ce zan je in gani. Yaya Sale ya ce madalla, ko ba komai za a huta da "ya danganta" na 'yan kwanaki.

Na tashi da safe da jaka ɗaya. A ciki akwai kayan sawa, da daddawar da Inna ta ba ni in kai wa ƙaninta, da tef na awo, da doguwar tiyo mai nuna abin da ke cikinta, irin wadda magina ke zuba wa ruwa su gane ko ƙasa ta daidaita. Cikin duk na'urorin da aka koya mana sunayensu, ita kaɗai nake da ƙarfin mallaka.

Motar da na samu a tasha ta ga gwamnatoci da yawa. Direban ya ce saura mutum ɗaya, ya ci gaba da cewa saura mutum ɗaya har muka zauna a kan juna. Wanda rabin jikinsa ya faɗo a kaina wani Ibo ne mai shagon kayan babur a Mai'adua, ana ce masa Oga Emeka. Hausarsa ta fi tawa gudu, kuma ya fi ni sanin wa ya saki wa a Daura. Da ya ji abin da zai kai ni Nijar sai ya yi dariya.

"Malam, ai da ni ka tambaya. Bara ruwa ya shiga shagona, ya jiƙa min kaya. Na kira magini na ɗaga dakali. Shi ke nan, magana ta ƙare."

"Ruwan fa, ina ya koma?"

"Shagon maƙwabcina."

"Shi kuma ya yi yaya?"

"Yana ɗaga nasa yanzu. Mai shago na uku ne bai sani ba tukuna."

Na so in yi masa bayanin cewa wannan ba magani ba ne, tura wa na gaba ne. Amma da na tuna abin da manyan birane ke yi da magudanansu, sai na ga Oga Emeka aƙalla yana gaisawa da wanda yake tura wa.

Kafin Mai'adua muka iso wani wuri da ruwa ya cinye gefen kwalbati, motoci suna ratsewa ta cikin wani kwari mai taɓo. Direbanmu ya tsaya ya zuba wa motar gabanmu ido. Na tambaye shi yadda yake gane zurfin wurin.

"In waccan ta wuce, mu ma mun wuce."

"In ba ta wuce ba fa?"

"Sai mu san ba a wucewa."

Ta wuce. Mu ba mu wuce ba, don tamu ta fi ta lodi. Muka fito muka tura, taya ta watsa min taɓo tun daga ƙirji har hula. Haka na isa bakin iyaka, kamar wanda aka tono.

Jami'in da ya buɗe jakata ya kamo bakin tiyon nan, ya yi ta zarowa kamar mai warware hanjin rago. Sai a lokacin na tuna abin da kowane ɗan yankinmu ya sani, ni kaɗai na manta: a bakin iyaka aikin tiyo ɗaya ne, zuƙo fetur daga tanki zuwa jarka.

"Kai ma ka shiga sana'ar?" in ji shi.

Ya kai ta hanci ya shinshina. Tun Daura take kwance a jikin daddawar Inna, saboda haka abin da ya shaƙa ba fetur ba ne, amma bai ƙara masa ƙaunata ba.

"Yallaɓai, haɗari nake aunawa da ita."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take babu ko gajimare. "Hadari? Da tiyo? Sajan, zo ka ga mai auna hadari."

"Haɗari, yallaɓai. Haɗarin ambaliya."

"To auna min. Za a yi ruwa yau? Na baro shanya a gida."

"Gaskiya, ya danganta."

Ya dube ni, ya dubi taɓon da ke jikina, ya cusa min tiyon a hannu. "Wuce. Ɗan sumoga ya fi ka shiri."

A ɗaya gefen jandarma ne, siriri, mai ladabi. Ya duba katina ya tambayi sana'ata. Na ce na gama jami'a, wanda ba sana'a ba ce, amma ya karɓa. Ya miƙo min katin ya ce, "To mushe, sauka lafiya."

Na tsaya. Na san na yi datti, amma ban zaci na kai nan ba. Wata tsohuwa da ke bayana ce ta cece ni, ta ce a can haka ake kiran malamin boko da duk wanda ya yi karatu, daga Faransanci aka samo. Na gode mata. A gida ana ce min ba ni da amfani, a nan an ce min mushe. Maganar kusan ɗaya ce, sai dai su sun faɗe ta da girmamawa.

Daga nan na shiga wata motar zuwa Matamaye, sannan na hau ɗan acaɓa, wanda su kabu-kabu suke ce masa, zuwa garin su Kawu. Ba zan faɗi sunan garin ba. Mutanensa sun roƙe ni da girman Allah in daina ambatonsu, kuma za ku ji dalili.

Abin da na fara lura da shi, tun kafin in ga gidan, shi ne ɗan kabu-kabun ya kashe inji. Tun daga bakin kasuwa babur ke gangarawa da kansa har ƙofar Kawu. Da na sauka na waiwaya, sai na ga ta kowace kusurwa haka ne: duk titin da ya taso, nan yake zubewa. Ɗan kabu-kabun ya ce yana son kawo fasinja unguwar nan saboda ba a ƙona mai. Komawa ce matsala.

Gidan kuwa, sai dai a ce masha Allah. Bulo da siminti, fenti shuɗi, ƙofar ƙarfe mai zanen ɗawisu. Kawu Idi ya rungume ni duk da taɓon. Dogo ne mai murya, hatsi yake saye yana sayarwa, kuma bai taɓa shakkar komai ba a rayuwarsa. Matarsa Mariyama ta kawo min ruwa. Na ce "Sannu Anti," ta ce nan Tanti ake cewa. Kafin in zauna Kawu ya riga ya sanar da maƙwabta cewa ɗan yayarsa Mushe Mansur ya zo daga Najeriya don ya koyi gini.

Masaukina ɗakin baƙi ne, mai tsabta, an ɗora ƙafafun gadon a kan bulo. Na tambayi Tanti dalili, ta ce saboda tururuwa. A jikin bango, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, akwai wani farin layi mai gishiri-gishiri da ya zagaye ɗakin, fentin wurin duk ya kumbura. Na tambaya, ta ce mai fentin ne ba shi da amana. Kwaɗin gidan sun fi mutanen gidan yawa, kuma daga irin zaman da suke yi a tsakar gida, su ma mu suke wa kallon baƙi.

Batun abinci ba ni da ƙorafi, sai dai tambayoyi. An ba ni dambu da zogale wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Taliya kuma maka suke ce mata. Burodinsu dogo ne mai tauri kamar sandar makiyayi, na ga ana ɗaure shi a bayan keke babu ko leda, ya isa gida lafiya, abin da namu ba zai iya ba. Shayi ne ya ba ni wahala. A gida shayi kofi ne babba da madara, ka sha ka tashi. Can kuwa ɗan mitsitsin kofin gilashi ne, baƙi, mai ɗaci, ana dafa shi a kan gawayi ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa kamar ba za a mutu ba. Majalisar da ake shansa fada suke ce mata. Ka sha na farko, ka jira na biyu, ka jira na uku. Wanda ya tashi kafin na uku ya yi rashin kunya, wanda ya kai na uku kuma ya rasa yininsa.

Washegari da hantsi na roƙi Kawu ya bar ni in yi awo. Ya yarda da murna, har shi ya riƙe min ɗaya bakin tiyon, yana faɗa wa masu wucewa cewa gwamnatin Najeriya ce ta aiko. Muka auna daga titi zuwa dokin ƙofa, daga dokin ƙofa zuwa tsakar gida. Na sake aunawa don ban yarda da kaina ba. Na kuma sakewa. Tsakar gidan Kawu ta fi titi zurfi da fiye da kamu guda.

"Kawu, da in an yi ruwa ina yake tafiya?"

Ya nuna min bayan gida da haɓa. "Da akwai sauran tafkin a can, rabi ne na cike. Amma da mutane suka ga ni ban ga komai ba, sai kowa ya yi sha'awa. Ka ga wancan sabon ginin? Na Alhaji Musa ne, da rani ya ƙarasa cike wurin. Duk ni na buɗe musu ido."

A nan na samu amsar da ta kawo ni. Ba dabara ce ta tsare gidan Kawu duk shekarun nan ba. Rabin tafkin da ya rage ne yake shanye masa ruwa, yanzu kuma an ɗora masa bene.

Na yi niyyar in yi shiru in koma gida da abina. Amma bayan azahar, a fada, ga Alhaji Musa ga sauran dattawan layi, an zagayo da kofi na biyu, Kawu ya buga cinyata.

"To Mushe, faɗa musu abin da tiyo ta ce. Ka faɗa da ƙarfi, don in ka koma ka gaya wa Sale ya cike nasa hankali kwance."

Na duba ko akwai hanyar gudu, babu. Na ce, "Kawu, ban ce lallai ba. Amma gidan nan kamar a gindin kwano yake. Da ruwa yana da inda zai je, yanzu babu. In aka yi irin ruwan nan na yanzu mai zuwa gaba ɗaya, ina tsoron, wataƙila, zai iya shigowa har ɗakuna."

Mai dafa shayi ya tsaya da buta a sama. Wani dattijo ya ce a'uzu billahi. Alhaji Musa ya janye ƙafarsa daga kusa da tawa.

Kawu ya ce, "Tofar da yawun bakinka."

Wannan al'adar dai iri ɗaya ce da tamu: in ka furta mugun abu sai ka tofar, maganar ta bi yawun ta faɗi ƙasa. Ni ban yarda tana aiki ba, amma ni baƙo ne, kuma ba na son rigima. Na juya gefe na yi iyakar ƙoƙarina. Sai dai kofi biyu na shayin nan sun busar min da baki ƙaƙas. Na yi "tuf", babu abin da ya fito. Na sake, iska kawai. Dattawa fiye da goma suna kallona.

"Bai tofar ba," in ji Alhaji Musa a hankali.

Ina so a rubuta a ajiye cewa tun safe ake zafi mai nauyi, kuma duk manomin da ke wurin ya san hadari na haɗuwa. Ba ni na kira shi ba. Amma ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin a sallame iska ta taso, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na tsaya a zaure ina kallon tituna suna kawo shi ta kowane gefe, ja wur, ɗauke da leda da kara da takalman mutane. Ya taru a ƙofar Kawu ya ɗan yi jim kamar mai sallama, sannan ya haura dokin ƙofa. Kafin mu gama naɗe tabarmi ya kai idon sawu. Kafin mu kai ga ɗakin hatsi ya kai gwiwa. Wani kuma ta ƙasan siminti yake ɓulɓulowa, ta wata tsaga da Tanti ta ce laifin magini ce.

Ba wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi. Muka ɗora yara da awaki a kan tebur da gadaje, muka yi ta ɗaukar buhuna muna kai wa soron bene na Alhaji Musa, wanda ya buɗe mana ƙofa ba tare da ya dubi kowa a ido ba. Na ƙasan sun riga sun sha. Keken ɗinkin Tanti ya nutse har wuya. Can sai muka ji rugum, katangar baya ta kwanta. Katangar bulo da siminti.

A nan dariya ta ƙare min. Ina tsaye cikin ruwa da buhun gero a ka, ba gidan Kawu nake gani ba, bangon Inna nake gani. In bulo ya yi haka, ginin ƙasa narkewa zai yi kamar sukari a shayi. Kuma Inna ba ta gudu, ko a ƙafa ko a hali.

Da ruwan ya tsagaita, maza suka fasa wani gefe na sabon shingen Alhaji Musa don ya samu hanyar fita. Ana fasawa ana faɗa, Kawu yana cewa Alhaji ne ya toshe tafki, Alhaji yana cewa wa ya fara. Na ɗauka a nan za a tsaya, tunda ga dalili a fili kowa yana taka shi. Ina! Da suka gaji da juna sai duk suka juyo gare ni.

Tanti tana matse zani ta ce, "Mushe, ai da ka bari sai ka tafi."

"Tanti, wallahi ba ni ba ne. Gangara ce. Ko ban zo ba..."

"Shekara nawa muna nan? Ka zo jiya, ka yi magana da azahar, la'asar ga shi. Kuma aka ce ka tofar ka ƙi."

"Ban ƙi ba, shayi ne..."

"Bari dai, kar ka ƙara cewa komai."

Na ce "wataƙila" na ce, a tambayi kowa. Wani dattijo ya ce to wannan da "wataƙila" ke nan, ina ga ya ce "tabbas".

Sauran zamana a garin gajere ne. In na fito, mata su janye yara. Mai shago ya ba ni sabulu ya ƙi karɓar komai, ya ce in dai wuce kawai kar in yaba shagon. Wani mutum ya biyo ni har bayan masallaci ya rage murya ya ce yana da suruki mai gidan bulo a unguwar gabas, ko zan ɗan bi ta wajen in faɗi ra'ayina. Na yi masa bayanin gangara da laka, ya saurara da kyau, ya ce eh, ya gane, nawa ne?

Kawu da kansa ya nemo min kabu-kabu, ya ba ni kilishi da guzuri mai yawa, irin wanda ake ba wanda ba a so ya dawo neman ƙari. Ya riƙe hannuna ya ce in gaida yayarsa, sannan ya ce, "Har ka isa gida, kar ka ce komai a kan babur ɗin nan, ko tayarsa, ko hanya." Ɗan kabu-kabun bai yarda ya tayar ba sai da ya ga na cika baki da kilishi.

Labari ya riga ni isa Daura, don waya ba ta tsayawa a bakin iyaka. Na tarar da Yaya Sale a ƙofar gida yana jirana, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya karɓi jakata. Ya ce, "Malam Mansur, an sha hanya." Malam! Ya miƙo min ruwa a kofi babba ya tsaya sai da na shanye.

Na leƙa bayan gida. Tifa ta daina zuwa. Amma tulin ƙasar da aka riga aka sauke yana nan, ya toshe bakin da ruwa ke shiga kududdufi, kuma ɗan yayyafin da aka yi bayana ya riga ya nuna sabuwar hanyarsa: wata 'yar ƙorama siririya da ta bi ta gindin bangon Inna.

"Yaya, wannan ƙasar fa..."

"Tsaya! Tsaya, don Allah. Na dakatar da aikin. Magana ta wuce. Kar ka kalli wajen ma."

"Dakatarwa ba ta isa ba, sai an kwashe. Kuma ina so ka gane, abin da ya faru a gidan Kawu ba bakina ba ne. Haramun ne ma a ɗauka haka. Ruwa gangara yake bi, ko na yi magana ko ban yi ba."

"Na yarda. Wallahi na yarda. Gangara ce. Kawai dai ka yi shiru."

"Za a kwashe?"

"Ka san abin da na kashe kafin a kawo ta? A bar ta nan zuwa rani, a gani."

Na san da zan gyara murya in dubi sabuwar motarsa in ce "Hmm," da kafin magariba an kwashe. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban yi karatu don in zama dodon unguwa ba, kuma wanda ya kwashe ƙasa don tsoron bakina zai mayar da ita ranar da na yi tafiya.

Na shiga wajen Inna. Tana zaune a bakin gadonta, bayanta jingine da bangon nan. Na gaishe ta, na isar da gaisuwar Kawu, na ba ta kilishi. Ta ajiye shi gefe ba ta buɗe ba.

"Mariyama ta kira ni," in ji ta. "Ta ce katangarsu ta faɗi."

"Ta faɗi, Inna."

"Ta siminti."

"Ta siminti."

Ta shafa bangon da tafin hannu, ta dubi hannun. Ban sani ba ko laima ta ji, ban tambaya ba.

"To tunda an ce bakinka yana kamawa, sai ka yi min mai kyau. Ce ɗakina ba zai faɗi ba."

"Inna, bakina ba ya kama komai."

"Ni dai faɗa."

Na daɗe ina neman yadda zan faɗa ba tare da na yi mata ƙarya ba. Na ce, "In aka kwashe ƙasar can kafin babban ruwa na gaba, da yardar Allah ɗakinki ba zai faɗi ba."

"Yardar Allah na karɓa. Cire 'in' ɗin."

"Ba zan iya ba, Inna."

"Ni na haife ka. Cire shi."

"Ko za ki yi fushi da ni, ba zai ciru ba. Ba ni na sa shi ba."

Ta dube ni, irin kallon da take min tun ina yaro in tana son ta gane ko zan janye. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba. Sai ta dafa gado ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta taka har bakin ƙofa, ta ɗaga muryar da duk unguwa ta sani.

"Sale! Ya ƙi cire 'in' ɗin. Nemo shebur da baro, ka kira masu taya ka. Kai kuma Mushe, tuɓe rigar nan, da kai za a kwashe."